Yadda za ka cire wa VTT ɗinka bitas ya koma mai pinyo ɗaya

Duk mai hawan VTT, wato keken nan mai kaurin taya da bitas da yawa, a garin nan na Damagaram ya san inda ciwon yake. Ka sayi keke na hannu mai kyau, bitas 18 ko 21, wata biyu uku yana tafiya lafiya lau, sai hunturu ya shigo ƙura ta cika kabul, rairayi ya shiga ƙarfen nan na baya mai canza bitas wanda masu gyara ke ce ma derayer, daga nan kuma sai ƙara, kaca na tsalle daga pinyo zuwa pinyo, wato faifan nan masu haƙora na ƙafar baya, ba ka taɓa komai ba. Ni nawa a hanyar Mirya ya yi mini, derayer ya lanƙwashe ya faɗa cikin rayo, wayoyin nan na ƙafa, ya karya huɗu, na turo keke da ƙafa cikin rana tsaka. Sau biyu ina sayen sabo irin mai arhar nan, duka biyun ba su ga damina ba. Shi ne na cire komai na bar filato ɗaya a gaba, wato faifai mai haƙora na wurin feda, pinyo ɗaya a baya, kuma walahi tun daga nan ban sake zama bencin mai gyara ba sai don faci.

Damagaram ba garin hawa da gangara ba ne, duwatsun Birni kewaya su ake yi ba hawansu ake ba, abin da ke cin ƙarfin mai keke a nan rairayi ne da iska. To don haka kar ka ɗauki kile ko ɗaya tukuna. Sa keken a bitas guda ka yi mako ɗaya cur ba ka taɓa shi ba, ka je aiki da shi, ka ratsa Zango, ka shiga lungunan Birni, ka je Kasuwar Dole ran Alhamis ka dawo da kaya a baya. In ka ji gwiwa na kuka cikin rairayi ya yi nauyi, in kuma a kan gudron ƙafarka na juyawa kamar fanka keke ba ya ci gaba ya yi sauƙi da yawa. Wanda ya yi maka daidai, tsuguna ka ƙirga haƙoran filato da na pinyo ka rubuta. Masu wannan harkar sun fi farawa da biyu bisa ɗaya, wato haƙori 32 gaba 16 baya, wanda a ƙafa mai lamba 26 yana ba ka wajen mita 4 a kowane zagayen feda. Mai yawan shiga rairayi 32 da 18 ya fi mishi, mai bin gudron kullum zai iya 42 da 18. Nawa 38 da 18 ne, kuma ina ba da shawara in kana shakka ka ɗauki mai sauƙin, gwiwa ba a sayen ta a kasuwa.

Sai ka juya keken ka duba abu biyu. Na farko ramin da akis ɗin ƙafar baya, wato sandar ƙarfen da ƙafa ke juyawa a kai, ke shiga a jikin kadar, gangar jikin keken. In ramin dogo ne a kwance, yadda za ka iya ja da ƙafar baya ko ka turo ta gaba, ka yi sa'a, da shi za ka ɗaure kaca. In gajere ne yana kallon ƙasa, kamar yawancin VTT na yanzu, ƙafar ba ta motsi, dole sai da abin da zai riƙe kaca, zan zo kanshi. Na biyu pinyoyin kansu. Akwai waɗanda duka a dunƙule suke ana murɗa su kan muyo, wato cibiyar ƙafa, kamar murfin kwalba, su ne suka fi yawa a kekunanmu masu pinyo 6 ko 7, akwai kuma kaset, wanda ake zura pinyoyin kan wani ƙarfe mai tsaga-tsaga sannan a kulle da zobe a baki. Juya pinyoyin da hannu su yi baya ka kalli tsagar da kile ke kamawa a tsakiya, in tana juyawa tare da su kaset ne, in ta tsaya cak na murɗawa ne.

Kayan aiki ba su da yawa: kile 15 na ƙafa, kile alan 5, turnabis, pansi, abin yanke kaca, da ma'auni irin na 'yan lakwal. Kilen buɗe pinyo kam kar ka wahala neman saye, kai ƙafar wurin mai gyara ya buɗe maka, minti biyar ne. Amma kar ka yarda a sa guduma da kurfi in kana son sake amfani da abin.

Yanke kaca, kwance kabul na bitas duka biyu, cire derayer na gaba, cire maɓallan canzawa a gidon. Kula fa, a wasu kekunan maɓallin bitas da hannun birki haɗe suke jiki ɗaya, irin wannan ka bar shi a wurinshi ka zare kabul ɗin bitas kawai. Birki biyu duka su zauna, ba a taɓa su. A gaba in filato uku ɗin da bulo aka ɗaure su, kwance ka bar na tsakiya, sai dai bulon za su yi tsawo tunda da filato biyu suke riƙewa, ka cika da rondal, 'yan zobban ƙarfen nan da ake sawa ƙarƙashin bulo. In kuwa ribet ne aka buga, ƙyale su su ukun, kaca ta hau na tsakiya, nauyin da suka ƙara ba wani abu ba ne.

Yanzu wurin da aikin yake, kuma nan ne mutane ke ɓata shi su ce keke mai pinyo ɗaya kacarshi faɗuwa take. Dole filato da pinyo su kalli juna sak, kaca ta miƙe kamar igiyar magini. Auna daga tsakiyar bututun da sirdi ke shiga zuwa haƙoran filato, na tsakiya yawanci yana ba da milimita 47 zuwa 50. Faɗin muyon baya na VTT galibi milimita 135 ne, rabinshi 67 da rabi, in ka cire 50 saura 17 da rabi, to nisan da pinyo zai kasance ke nan daga cikin kadar ta ɓangaren dama. In lissafi ya dame ka ɗora doguwar sanda miƙaƙƙiya a jikin filato ka ga inda ta nuna a baya, daga nan ka koma bayan keke ka rufe ido ɗaya ka leƙa.

Mai kaset aikinshi ya fi daɗi. Zare pinyoyin duka, ka zura zobban cikawa, ka sa pinyo ɗaya a inda awo ya nuna, ka ƙarasa cikawa ka kulle da zoben baki da ƙarfi sosai. Zobban nan ana samun su cikin tsofaffin kaset da ke zube wurin masu gyara, ni da suka gaza mini tiyon roba na famfo na yanka daidai ya cike gurbin, abin lura kawai yankan ya zama a daidaice kar pinyo ya karkace. In ka samu pinyo mai dogayen haƙora na keke mai bitas ɗaya ya fi, don na kaset da gangan aka gajarta haƙoranshi don kaca ta riƙa sauka cikin sauƙi, mu kuma ba mu son ta sauka.

Mai na murɗawa hanya biyu gare shi. Ta arha ita ce ka bar pinyoyin yadda suke ka ɗora kaca kan wanda ya yi layi da filato. Tana yi, amma ni ba na son ta, don ran da kaca ta haye kan babban pinyon da ke gefe alhali an gajarta ta, za ta ɗaure tam, tana iya lanƙwasa akis ko ta tsinke kana tsaye kan feda. Ta gaskiya ita ce a cire su duka a murɗa pinyo guda irin na kekunan gargajiya, 16 ko 18 ko 20, a shafa giris a zaren kafin a murɗa. Sai dai zai zauna can ciki kusa da rayo, dole mai gyara ya matsar da rondal ɗin akis daga dama zuwa hagu sannan ya sake jan rayo ƙafar ta dawo tsakiyar kadar. Nemi dattijon da ya iya ɗaurin rayo, ka biya shi haƙƙinshi, ba aikin yaron shago ba ne.

Saura tsawon kaca. Sabuwa za ka sa, tsohuwar ta riga ta miƙe. Mai dogon rami ya turo ƙafa gaba, ya yanke kaca a mafi gajartar da za ta haɗu, ya ja ƙafar baya ya ɗaure. Kar ta yi tam kamar tsirkiyar baka, a bar mata wasa kamar santimita 1 sama da ƙasa, kuma ka juya feda a hankali zagaye guda don filato ba ya cika zama da'ira sosai, akwai inda kaca ke tsukewa, a nan ake awon. Mai gajeren rami ya mayar da tsohon derayer in bai lanƙwashe ba, ba kabul, ya murɗa ɗan bis ɗin da aka rubuta ma H har ƙananan tayoyinshi su tsaya ƙarƙashin pinyo daidai, in bis ɗin ya gaza a sa mai tsawo. A irin wannan siririyar kaca ta bitas za ka sa, mai kaurin nan ba ta cika wucewa cikin derayer ba. Keken da ke da ƙarfen nan mai lotsawa da ke shanye gargada a tsakiyar kadar shi ma dole da derayer ɗin, don nisan ƙafa da feda na canzawa duk lokacin da ka faɗa rami.

Gwajin farko ka yi shi a fili ba cikin kabu-kabu ba, ka miƙe tsaye ka taka da ƙarfi sau da yawa, ka sauka ka duba ko ƙafar ta zame gaba ta ɓangaren kaca. Bayan kwana biyu uku sake ɗaure bulo duka. Man kaca kuma ɗigo kaɗan a kowace gaɓa sannan ka goge da tsumma har ta bushe a waje, baƙin man mota da ake kwarara ma kaca shi ke kama rairayi ya cinye maka haƙoran pinyo kafin shekara ta zagayo.