Masu kallon Kingdom Hospital, ku daina waɗannan kurakuran

Na gaji da tambayar "ina zango na biyu?" Babu shi. Tashar ABC ta Amurka ta nuna wannan shirin ban tsoro a 2004, kashi 13, daga nan aka rufe babin. A daina ƙona data wajen nema.

Wasu kuma su sauke Kingdom na Koriya, su zo suna ƙorafin ba su ga asibiti ba. A duba suna tukuna. Mai cewa Stephen King, marubucin labaran ban tsoro na Amurka, ne ya ƙirƙiro labarin shi ma bai yi daidai ba, daga Riget na Lars von Trier ya ɗauko, shirin Danmak na 1994.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne gaggawa. Mutum ya kalli kashi ɗaya, babu abin da ya sa shi zabura, sai ya yanke hukunci wai ba tsoro. Haba malam! Shirin nan tafiyar hawainiya yake yi. A labarin, an gina asibitin a Lewiston ta jihar Maine, a filin wata masaƙa da ta ƙone da yara a ciki, kuma fatalwar yarinya Mary na yawo da ƙararrawarta. Ga mai zane Peter Rickman da mota ta kaɗe, kamar yadda ta kaɗe King kansa a 1999, ga Antubis, dabba mai dogon baki kamar dabgi. Idan kana tsallake hirar likitoci don ka kai wurin fatalwa, ƙarshen zai zo maka a dagule. Ni kashi ɗaya nake kallo a dare, ba ƙari.

Sai dai kada daren ya zama na jinya. Ni na yi wannan wautar. Ina kwana da mahaifina a asibiti, wajen ƙarfe biyu na toshe kunne ina kallo, sai aka ɗauke wuta. Ina ɗago kai na ga farin kaya da ɗan haske suna nufo ni, ƙarafa na ƙara. Na kurma ihu, waya ta faɗi, gilashinta ya tarwatse, ɗakin gaba ɗaya ya farka. Ashe nas ce da tocila ta turo keken magani. Ta dube ni ta ce, "Malam, kai ma a ba ka gado ne?" Baba bai ce uffan ba, sai da safe ya ce ƙanena ya karɓi kwanan.