Motar da ake kwana a ciki: abin da mai ita zai riƙa dubawa kafin ta ba shi kunya

Masu zama a Amurka da Kanada sun san irin motocin nan da suke kira RV, mota ce amma a cikinta akwai gado da kicin da banɗaki, wata ma har da falo, wasu masu injin kansu ne kamar bas, wasu kuma tirela ce zalla sai an ɗaura ta a bayan akori-kura an ja. Yawancinsu a yankin Elkhart na jihar Indiana ake haɗa su. Yan uwanmu da ke can sun fara saye, galibi ta hannu, don fita da iyali lokacin hutun yara, toh amma abin da dillali ba zai gaya maka ba shi ne wannan motar ba tafiya ce ke kashe ta ba, ajiya ce. Wata takwas ko tara tana tsaye a rana da ruwan sama da ƙanƙara, sai rana ɗaya ka loda mata yara da buhun shinkafa ka hau babbar hanya kana so ta yi kamar jiya aka fito da ita daga kamfani.

Taya zan fara da ita don ita ce ta fi yaudara. Mun saba in za mu duba taya zanen jikinta muke kallo, in bai suɗe ba shikenan tana da kyau. A RV wannan lissafin ba ya aiki, don motar ba ta yin tafiyar da za ta cinye zanen, robar ce ke tsufa tana bushewa tana tsagewa tun daga gefe. Ka durƙusa ka nemi rubutun DOT a gefen tayar, lambobi 4 na ƙarshe su ne ranar haihuwarta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato in kaga 2319 an yi ta ne a mako na 23 na 2019. In ta kai shekara 5 ka fara sa mata ido sosai, in ta kai 6 zuwa 7 ni dai shawarata ka canza ko da zanen yana nan kamar sabo, har safayar da ke rataye a baya ma, ita da kullum rana ke dukanta. Iska kuma da safe ake aunawa kafin motar ta motsa, taya na sanyi, kuma adadin da ke kan takardar da kamfani ya manna a jikin motar za ka bi ba na kanka ba. Tayar da iskarta ta yi ƙasa zafi take ɗauka, zafin ne ke fasa ta, kuma in tayar tirela ta fashe ba ita kaɗai take tafiya ba, ɓaraguzanta na iya farke ƙasan motar su tsinke tiyon ruwa da waya har da bututun gas. In an cire taya an mayar, a sake ɗaure notika bayan tafiyar mil 50 haka. Boris ɗin ƙafafun tirela kuma yana son sabon giris duk shekara ko bayan mil 12,000, duk wanda ya riga zuwa.

Sai lodi, wanda nan ne halinmu yake. A jikin motar akwai lambar da ke nuna iyakar nauyin da za ta ɗauka gaba ɗaya, an rubuta GVWR, kuma wannan lamba ta haɗa da komai, mutane da tukwane da gas da ruwa. Mutane na manta ruwa, alhali lita 1 kilo 1 ce, tankin lita 200 in ya cika kamar ka ƙara manya uku ne a motar. In inda za ka akwai famfo to kada ka cika tanki tun daga gida. A wuraren tsayawar manyan motoci akwai sikelin auna mota na kamfanin CAT, kuɗi kaɗan ne, ka hau da lodinka cikakke ka ga gaskiya da idonka. Mai tirela kuma ya lura da yadda ya raba kayan, kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin tirelar ya kamata ya sauka a kan mahaɗar da ke bayan motar da ke ja, in ka tara kaya a can baya sai ta fara rangaji hagu da dama musamman in babbar mota ta wuce ku ko iska ta taso. In ta fara wannan rawar kada ka danna birkin mota da ƙarfi kuma kada ka yi kokawa da sitiyari, ɗaga ƙafa daga totur, riƙe sitiyari a miƙe, ka matsa birkin tirelar da hannu ta ɗan akwatin nan da ke kusa da direba. Kuma dan Allah kada a bar kowa a cikin tirela ana tafiya, jihohi da yawa sun hana, ko inda ba su hana ba babu bel a ciki.

Tsayin motarka ka auna da kanka tun daga ƙasa har kan na'urar sanyaya ɗaki da ke saman rufi, ka rubuta a takarda ka manna a gaban direba. Manyan na kaiwa ƙafa 13 da rabi. Akwai wata gadar jirgin ƙasa a garin Durham na jihar North Carolina da ta yi suna wajen aske saman motoci, tsayinta ƙafa 11 da inci 8, a 2019 aka ɗaga ta zuwa ƙafa 12 da inci 4 amma har yanzu ana samun masu kai mata karo. Taswirar waya ta yau da kullum ba ta san tsayinka ba, hanya kawai take nunawa. A gangaren dutse kuma ka sauko da giya ƙasa tun daga sama injin ya riƙe ka, in ka dogara da birki kawai zai yi zafi ya daina kamawa.

Yanzu abin da ke kashe mutum ba mota ba. Duk wanda ya taso a Najeriya ya sha jin labarin iyalin da suka kwanta da janareta a kusa aka wayi gari babu su, to iskar nan ce dai mai guba da ke cikin hayaƙi, wadda ake kira carbon monoxide, ba ta da wari ba ta da launi, kuma RV ɗaki ne ƙarami a toshe mai janareta a ƙarƙashinsa da murhun gas da hita a cikinsa. Alamarta ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, in kaga mutum biyu ko uku sun fara wannan ƙorafin lokaci ɗaya ku fita waje tukuna a yi bincike daga baya. Kada a ɗumama ɗaki da murhun girki komai sanyi, kada a kwana janareta na aiki, ka duba salansarsa ba ta huje ba, ka kuma lura da janaretan maƙwabci a sansani, wato wurin da masu irin motocin ke yada zango, don hayaƙinsa na iya shigowa ta tagarka. Na'urori uku ne dole su kasance da rai a motar, mai jin hayaƙin gobara, mai jin wannan iska mai guba, da mai jin yoyon gas. Suna mutuwa da tsufa, galibi shekara 5 zuwa 7 ga biyun ƙarshe, kwanan watan na rubuce a bayansu, kuma wanda ya sayi tsohuwar mota sau da yawa zai tarar wa'adinsu ya wuce tuntuni ko ma an cire musu waya saboda sun dami mai ita da kuka.

Gas ɗin da ake sa musu ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya in ya zuba, shi ya sa na'urarsa take can kusa da daɓe, kada ka ajiye jaka ko takalma ka toshe ta. Kamfani na sa masa wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai da gangan. In ka ji shi, kada ka taɓa makunnin wuta ko ɗaya, a fita, a rufe silinda daga waje, a bar ƙofa a buɗe. Neman inda yake yoyo da ruwan sabulu ake yi, a shafa a mahaɗa, inda ya yi kumfa nan ne, ba da ashana ba wallahi. Silinda ba a cika ta fiye da kashi 80, kuma irin wadda ake cirewa a Amurka in ta shekara 12 da ƙerawa sai an sake gwada ta kafin a yarda a zuba maka. In za ka sha mai a gidan mai ka kashe duk abin da ke da harshen wuta, har firji. Shi firjin RV mai aiki da gas yana da wani hali, sai motar ta daidaita yake aiki lafiya, in ka ajiye ta a karkace na awanni yana kunne ruwan cikin bututunsa ba ya zagayawa, ya yi zafi ya lalace, kuma bayan firji na cikin wuraren da gobara ke tashi. Tukunyar kashe gobara ta zauna a bakin ƙofa, tagar gaggawa kuma a buɗe ta a nuna wa yara yadda ake yi tun kafin a bar gida, wasu tagogin robarsu na mannewa in an daɗe ba a taɓa ba.

Ta ɓangaren aljihu kuwa babu abin da ya kai ruwan sama. Rufin yawancinsu roba ce a kan katako, an huda shi a wurare da dama don fanka da eriya da tagar sama, duk hujin nan gam ne ke riƙe da shi, gam kuma rana na busar da shi ya tsage. Ruwa in ya samu hanya ba ya ɗigo maka a ka balle ka sani, cikin bango yake bi yana ruɓar da katako a hankali sai wata rana kaga bangon waje ya kumbura ko ƙafarka ta ji daɓe ya yi laushi a lungu, lokacin aikin ya riga ya zama na dubban daloli. Hau tsani aƙalla sau biyu a shekara, kafin ajiya da bayan fitowa, ka bi duk mahaɗa, inda ya tsage ka goge ka ƙara gam ɗin da aka yi don irin rufinka, Dicor ne aka fi sani, kada ka sa silikon na banɗakin gida don ba ya kama robar da kyau kuma daga baya babu abin da ke mannewa a kansa. Mai shirin sayen ta hannu ya fara da hanci, in ka shiga ka ji warin danshi, ko an fesa turare ya yi yawa, ka buɗe kabad na sama ka danna lunguna da yatsa. Rumfar gefe kuma a naɗe ta in za a fita ko za a kwanta, iska ɗaya ta ishe ta.

Tankuna uku ne, na ruwan sha, na ruwan wanke-wanke da wanka, da na bayan gida. Kuskuren sabon shiga shi ne ya haɗa tiyo a sansani ya bar bawul ɗin tankin bayan gida a buɗe, sai ruwa ya tsiyaye ya bar sauran ya taru ya bushe, cire shi kuma ba aikin da za ka so ba ne. A rufe shi sai ya kai kashi biyu cikin uku, a zubar da shi, sannan a saki na wanke-wanke ya ɗauraye tiyon. Mu masu buta ma nan mun ci riba don tankin bayan gida ruwa yake so, amma alwala sau biyar ta gida guda na cika na wanke-wanke da wuri, a riƙa leƙa mita. Tankin sha a wanke shi farkon kowace kakar tafiya, rubu'in kofi na bilic ga kowace galan 15, a cika, a buɗe famfuna har a ji warinsa, a bar shi awa 4 ko ya kwana, a zubar a ɗauraye. Ka sayi ɗan ƙarfen nan mai rage ƙarfin ruwa ka sa a bakin famfon sansani, bututun RV tsakanin 40 zuwa 60 na ma'aunin psi suka fi so.

Wuta ma dai a taƙaice. Mota mai amfiya 30 tana da wat 3,600 ne kacal, in ka kunna na'urar sanyi da butar lantarki da injin ɗumama abinci tare zai yanke. Ka sa na'urar kare hawa da saukar wuta tsakanin motarka da soket ɗin sansani. Filogin amfiya 30 yana kama da na tsohon injin busar da kaya amma wancan volt 240 ne, naka 120, in aka haɗa an ƙone komai, haka ma wanda ya yi tunanin ɗauko irin motar zuwa Najeriya ko Nijar inda wuta take volt 220 ko fiye, sai da taransfoma. Batirin ruwa kada a bar shi ya sauka ƙasa da rabi, cikakke na nuna volt 12.6, in ya kai wajen 12.1 a caja, a riƙa ƙara masa tataccen ruwan da ake kira distilled water, ba asid ba kuma ba na famfo ba. Na lithium ba a cajinsa in sanyi ya kai na daskarewa sai in mai hita ne a ciki. Janareta kuma duk wata a tashe shi ya yi kamar awa 2 da rabin lodi, in ba haka ba fetur ya yi danƙo a kafireto.

Masu zama irin su Minnesota ko Ohio ko Toronto, kafin sanyin farko ku zubar da ruwan duk tankuna da na hitar ruwa, don ruwa in ya daskare kumbura yake ya fasa bututu. Sai a tura ruwan hana daskarewa mai ruwan hoda wanda aka yi don RV cikin bututun har ya fito ta kowane famfo da shawa da masai, kada a kuskura a sa na lagireton mota, wannan guba ne. A juya bawul ɗin da ke kewaye hitar don kada ta shanye galan 6 a banza. A kwashe abinci tas har ɓurɓushin biskit ɗin yara a ƙarƙashin kujera saboda ɓera, a toshe ramukan ƙasa da soson ƙarfe, a bar ƙofar firji a ɗan buɗe, a rufe tayoyi daga rana, batir kuma a cire shi a kai gareji a riƙa ba shi caji duk wata.