Yadda Ake Gano Abin da Ke Sa Tsohuwar Mota Zafi Tun Kafin Gaskit Ya Ƙone

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin rana a Kano da Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40, da wuya ka leƙa gareji ba ka tarar da Golf 3 ko tsohuwar Corolla ko Peugeot 406 an kwance mata kan injin ba. In ka tambayi mai ita, labarin kusan ɗaya ne. Allurar zafi ta fara tashi, ya riƙa ƙara ruwa yana tafiya. Wani ya ba shi shawara a cire tamostat, wato ɗan ƙarfen da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in inji ya ɗau zafi, a haɗa fanka kai tsaye, aka yi. Mota ta ɗan lafa, bayan 'yan makonni gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, ya ƙone. Da yawa daga cikin motocin nan, da an zauna an bi su a tsanake a ƙofar gida, da ba a kai ga kwance inji ba. Ba zan tsaya nuna inda lagireto yake ko yadda ake kwance kilif ba, duk mai riƙe da tsohuwar mota ya wuce nan.

Ka bar ta ta huce tukuna

In allura ta doshi ja kana kan hanya, kashe esi, ka nemi gefe ka tsaya, ka kashe mota. Kada ka taɓa marfin lagireto. Ruwan da ke ciki a matse yake, zafinsa ya wuce na tafasasshen ruwa, kana murɗa marfin zai yi tsiri ya same ka a fuska da hannu. Ka jira har ka iya riƙe tiyon sama da hannunka, ka matsa shi ka ji ya yi laushi. Kuma don Allah a daina kwara wa inji ruwan leda don ya yi saurin hucewa. Kan injin yawancin motocin nan na alminiyam ne, sanyin farat ɗaya yana iya lanƙwasa shi ko ya tsaga shi.

Yaushe take yin zafin?

Wannan tambayar ita ce rabin aikin, amma masu koyo tsallake ta suke yi su ɗauko sifana. In a cikin cunkoso take zafi, da ka hau titi ka ba ta wuta sai allura ta sauko, to iska ce ba ta ratsa lagireto in mota na tsaye, wato ka nufi fanka. In kuwa a cikin gari lafiya lau take, sai ka ɗauki hanyar Zariya ko ta Katsina ta fara tashi, to ruwa ne ba ya zagayawa yadda ya kamata: lagireto ya toshe, ko famfon ruwa ya gaji, ko tiyon ƙasa yana tsukewa in inji ya ja. In ko'ina take zafi, minti kaɗan da tayarwa, ka yi zargin ƙarancin ruwa, ko tamostat ya maƙale a rufe, ko iska ta shiga.

Da safe, inji na sanyi, ka duba ruwa. In ya ragu, wani wuri yake bi, ruwa ba ya ƙarewa haka kawai. Shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota ta kwana a kai. Duba bakin kowane tiyo, inda ruwa ke tsattsafowa yakan bar fari ko tsatsa a bushe. Duba fambel, kada ya zama ya saki ko ya tsattsage. Leƙa gaban lagireto, ƙurar hunturu da ledoji da ƙwari suna like ramukansa, ka wanke daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi.

Sai marfi. Mutane na raina shi, alhali shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa. Ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 100, amma ƙarƙashin marfi mai lafiya sai ya kai wajen 120. Lambar da ke kan marfin, 0.9 ko 1.1 a yawancin motocin Japan, ita ce ƙarfinsa. In robarsa ta tsage ko sifirin ya mutu, sauya shi da mai lamba iri ɗaya. A cikin duk abin da za ka saya a kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka saboda wannan matsalar, da wuya a sami mai arharsa, shi ya sa ni da shi nake farawa.

Fanka

Tayar da mota ka bar ta a silo, ka tsaya kana kallo. Kafin allura ta wuce tsakiya sosai, ya kamata fanka ta tashi da kanta. In shiru, fara da fiyus, sannan rile, sannan makunnin da ke jin zafin ruwa. A Golf 3 makunnin yana jikin lagireto. Zare soket ɗinsa ka haɗa bakunan da guntun waya, in fanka ta tashi to makunnin ne ya mutu. Ka kiyaye yatsunka, fankar Golf tana iya tashi ko makulli na aljihunka. A yawancin tsofaffin Toyota kuwa, zare soket ɗin kawai kan sa fanka ta tashi in makulli na kunne. Ka kuma sa hannu ka ji inda iskar ke nufa. Dole ta jawo daga gaba zuwa wajen inji. Na sha ganin fankar da aka juya wa waya wajen gyara, tana ta gudu amma gaban mota take hura iskar maimakon wajen inji.

Haɗa fanka kai tsaye ba gyara ba ne. Yana gajiyar da motar fankar da batir, kuma ainihin ciwon yana nan.

Tamostat

Ra'ayina a nan ba ya sauyawa: ba a cire shi. Cewa don ƙasashen sanyi aka yi shi ba gaskiya ba ce. Aikinsa ya kai inji zafin da aka gina shi a kai, ya kuma tsayar da shi a nan. Na yawancin Toyota yana buɗewa a digiri 82, na Golf a 87, lambar tana rubuce a jikinsa. In babu shi, inji yana daɗewa bai ɗumama ba, mota mai injekta ta riƙa shan mai fiye da kima, ringi da silinda suna cinyewa. Wani nau'in ma yana da faranti na biyu a gindinsa wanda ke toshe gajeriyar hanyar cikin inji in ya buɗe. Cire irin wannan yana sa wani ɓangare na ruwan ya riƙa kewaya inji ba tare da ya je lagireto ba. Gwada shi ba wuya: ɗaure shi da zare, saka shi a tukunyar ruwa a kan wuta. Kafin ruwan ya tafasa ya kamata ka ga ya buɗe sosai, in ya huce ya rufe. In bai yi ba, sayi wani, shi ma ka dafa shi kafin ka ɗaura, jabu sun yi yawa a kasuwa.

Fitar da iska, inda ake faɗuwa

A nan nake so ka nutsu. Mutum zai sauya tiyo, ko tamostat, ko ya kai lagireto a wanke, ya yi komai daidai, sannan ya ɗura ruwa har ya cika baki, ya rufe marfi ya kama hanya. Ruwan nan bai cika ba. Cikin inji lungu-lungu ne, duk lokacin da aka zubar da ruwa iska ce ke maye gurbinsa, kuma ba ta fita don kawai an zuba wani daga sama. Takan taru a can saman kan injin, daidai inda wuta ta fi tsanani. Wurin ya zauna a bushe yana gasuwa. Abin da ya fi muni, in iskar ta tsaya a kan sensan da ke auna zafin ruwa, allura ba za ta faɗa maka gaskiya ba, fanka ma ba lallai ta tashi ba. Kana tafiya hankali kwance, gaskit na ci.

Ga yadda nake yi. Inji na sanyi, ka ajiye mota gabanta ya fi bayanta tudu, ko ka ɗaga gaban da jak. Murɗa hita zuwa ƙarshen zafi, don ruwa ya shiga ƙaramin lagireton da ke bayan dashbod, shi ma iska na ɓuya a ciki. Zuba ruwa a hankali, siriri, kamar mai zuba shayi. In ka kwarara shi gaba ɗaya, da kanka kake kulle iskar a ciki. Kana zubawa kana matsa tiyon sama da na ƙasa, za ka ji yana ɓulɓul.

In motarka na da ƙananan noti na fitar da iska, buɗe su kafin ka fara zubawa, kada ka rufe kowanne sai ruwa ya fito a miƙe babu kumfa, ka fara rufe na ƙasa. Peugeot 406 tana da su, kuma tana da wani hali: wurin zuba ruwanta bai kai wasu sassan inji tsayi ba. Dabarar ita ce ka yanke gindin gorar roba, ka kifa bakinta a wurin zubawar, ka naɗe da tsumma ko roba kada ya yoyo, ka cika ta. Tsayin ruwan da ke cikin gorar shi zai tura iskar waje. Wanda bai yi haka ba, 406 za ta wahalar da shi.

Yanzu tayar da mota, marfi a buɗe, ka bar ta a silo. Kada ka tafi ko'ina. Za ka ga kumfa na fitowa ɗaya-ɗaya. Can in tamostat ya buɗe, ruwan zai faɗa ƙasa lokaci guda, tiyoyin biyu su ɗau zafi. A nan ne masu gaggawa suka riga suka rufe bonet. Ƙara ruwa. Taka totur a hankali zuwa wajen 2,000 ko 2,500, riƙe kaɗan, saki, ka maimaita. A Golf 3 ka kalli siririn tiyon da ke dawo da ruwa cikin robar zuba ruwa mai kama da ƙwallo: in ka ba ta wuta ya kamata ka ga ruwa na zubowa ba yankewa, wannan ma shaida ce famfon ruwa na aiki. Jira fanka ta tashi ta mutu sau biyu. Sa hannu a bakin hita, in iska mai zafi ke fitowa, madalla. In sanyi ne ko ɗumi-ɗumi, da saura. Sai an kai nan za ka rufe marfi. Washegari da safe, kafin ka tayar, sake dubawa ka cike abin da ya ragu, haka ma jibi. In daga baya allura na hawa tana sauka, ko kana jin ƙarar ruwa a bayan dashbod, sake yi daga farko.

In kumfa ya ƙi ƙarewa

Kumfan da ke ta fitowa ba tsayawa, tun inji na sanyi, ba iska ba ce ta maƙale, hayaƙin silinda ne ke shiga ruwa. Haɗa shi da sauran alamu: farin hayaƙi mai kauri daga salansa bayan mota ta ɗumama, tiyon sama ya yi tauri minti kaɗan da tayarwa, bakin mai ya koma kalar shayi da madara, fulogi ɗaya ya fita fes ba kamar 'yan'uwansa ba. Wannan gaskit ne. Daina hawa, kuma in an kwance kada a ɗaura sabo sai an auna kan injin an ga bai lanƙwashe ba.

Famfon ruwa kuma, girgiza fulinsa, in yana rawa ko yana ɗiga ta ɗan ramin ƙasa, sauya. In belin taimin ke juya shi, sauya su tare. Lagireton da wani ɓangarensa ke da sanyi alhali inji ya yi zafi ya toshe, kai shi a buɗe a zuge.

Ruwan rijiya da na burtsatse su ke haifar da wannan toshewar da tsatsa. Yi amfani da kulan, wato ruwan lagireto mai kala da ake sayarwa, rabi da rabi da tataccen ruwa irin na batir in ba haɗaɗɗe ka saya ba, kada ka cakuɗa kala biyu, ka sauya duk shekara biyu. Tsohon da ka zubar ka tare shi a jarka ka rufe. Yana da zaƙi-zaƙi kuma guba ne, kada ka bar shi a kwano ko a ƙasa inda yara da awaki ke kaiwa.