Kurakuran da aka fi yi wajen sake harba na'urar auna yanayin sama

Sau biyu a rana, ƙarfe 12 na dare da 12 na rana agogon GMT, ɗaruruwan tashoshi a duniya, ciki har da ta Yamai, ke sakin balan-balan ɗauke da radiyosonde. 'Yar na'ura ce mai auna zafi da danshi da matsin iska, GPS kuma ya nuna inda iska ta nufa. Balan-balan kan fashe a wajen kilomita 30, na'urar ta sauko da lema. A da, a Amurka kusan kashi 20 cikin ɗari akan tsinta. Abin da aka tsinta ɗin nan ne wasu ke gyarawa su sake harbawa, kuma nan ake yawan tuntuɓe.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne a kunna ta, a ga fitila ta kama, a ce lafiya lau. Wannan na'ura ta ratsa sanyin da kan kai digiri 80 ƙasa da sifili, ta faɗo gona, ta kwana cikin raɓa da ƙura. Ɗan siririn hannun da ke leƙowa daga jikinta, kamar a samfurin RS41 na kamfanin Vaisala, shi ne ke awon. Ko ɗan yatsa ya shafe shi, lissafin danshi ya ɓaci. A ajiye ta kusa da ma'aunin da aka amince da shi, a inuwa, a kwatanta. In sun saɓa, kada a harba. Wadda aka haɗa da ma'aunin ozon (wani nau'in iskar gas da ke sama) kuwa sai an wanke kwalabanta an zuba sabon ruwan sinadari.

Batir ma haka. Na tocila ba ya jure sanyin can. Na litiyam ake sawa, sabo fil.

Roba ba ta son maiƙon hannu, don haka a sa safar hannu kafin a taɓa balan-balan. In aka cika ta fiye da kima, za ta fashe da wuri. Abin nema shi ne hawan kimanin mita 5 a daƙiƙa. Iskar haidirojin da akan cika balan-balan da ita kuwa wuta ce a kwance: ba sigari, ba janareta kusa.

Wasu na taƙaita igiya don gudun sarƙewa. Sai na'urar ta riƙa shaƙar ɗumin da balan-balan ta bari a baya, awon zafi ya karkace. A bar ta da tsayinta na mitoci da dama.

Kafin a saki, a nemi izinin hukumar jiragen sama, a kuma manna takarda mai lambar waya da bayanin cewa ba abin cutarwa ba ne, don manomin da zai tsince ta.