Idan Siginar NDB Ta Daina Kaiwa Nesa

NDB, na'urar rediyon da ke nuna wa jirgin sama hanya, yawanci tana aiki tsakanin kilohaz 190 da 535.

1. Duba mitar da ke auna wutar eriya, ka kwatanta da adadin da aka rubuta ranar kafa ta.
2. Kashe na'urar, ka sauke cajin eriya ƙasa kafin ka taɓa komai. Wutar nan tana kisa.
3. Goge insuletoci, wato abubuwan da ke riƙe eriya suna hana wuta bi ta wani wuri, domin ƙura da danshi suna sa wuta zurarewa.
4. Bincika wayoyin jan ƙarfen da aka binne kewaye da eriyar. Matsala ta fi ɓuya a nan: ko mahaɗinsu ya lalace, ko ɓarayi sun yanke su.
5. Sake daidaita koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke daidaita eriya da na'urar, sannan a gwada da rana, don da dare sigina kan yaudari matuƙi.