Yadda ake zuwa aiki a keke ta gefen ruwan Regent's Canal a Landan

Kuɗin jirgin ƙarƙashin ƙasa a Landan yana cin albashi, shi ya sa ɗalibai da ma'aikata da yawa suke komawa keke. Baƙon da ke tsoron manyan tituna da bas masu hawa biyu, shawarar da ake fara ba shi ita ce ya bi gefen ruwa, tunda babu mota. Babu motar kuwa, amma hanyar ba don keke aka yi ta ba. Regent's Canal hanyar ruwa ce da aka haƙa aka buɗe a 1820, tsawonta kusan kilomita 14 daga wajen Paddington zuwa Limehouse, 'yar hanyar da ke gefenta kuma ta dawakin da ke jan jiragen kwal da katako ce. Faɗin doki ɗaya da mai jansa aka auna. A wannan faɗin ne yau masu keke, masu gudu, iyaye da keken jarirai, masu karnuka da masu kamun kifi suke cuɗanya.

Mataki na farko, ka tambayi kanka ko hanyarka ce. Hukumar Canal & River Trust, wadda ke kula da hanyoyin ruwan Ingila da Wales tun 2012, ba ta neman izini ko kuɗi daga mai keke, amma ƙa'idarta a fili take: mai tafiya a ƙasa shi ke da fifiko. Dokokin hanya na Birtaniya da aka sabunta a Janairun 2022 su ma sun ce mai keke ya ba mai ƙafa hanya a duk inda suke tarayya. Idan kai mai fita a makare ne, kana duba agogo a kan keke, gefen ruwa zai ɓata maka rai kuma ka ɓata wa mutane. Nemi hanyoyin keke na kan titi da hukumar sufurin Landan ta keɓe. Wanda zai tashi daga Mile End zuwa Aldgate, alal misali, hanyar keke mai suna Cycleway 2 ta fi masa sauri nesa ba kusa ba. Gefen ruwa na wanda ya yarda ya ƙara mintuna a tafiyarsa ne don ya huta da hayaƙi da hon.

Na biyu, keken. Ba sai mai tsada ba. Matse birkin gaba ka tura keken, matse na baya ka sake turawa; in taya ta juya, gyara kafin ka fita. Taya mai ɗan faɗi ta fi siririyar tayar tsere, domin akwai duwatsun daɓe da tubali a wurare da dama. Ka sa abin tare taɓo, in ba haka ba bayan rigarka zai isa ofis da zane. Ƙararrawa kuwa, ko doka ba ta tilasta maka hawa da ita ba, a wannan hanya kada ka fita babu ita. Hular kwano ma ba dole ba ce a dokar ƙasar, amma wanda ya ga ƙasan gadojin nan zai saya da kansa. Ka riƙe tiyub na ajiya da ƙaramin famfo a jaka, ka koyi canzawa, don babu mai faci a gindin bishiya da zai jira ka. Mai keken lantarki ya tabbata injinsa bai wuce wat 250 ba, kuma yana daina turawa a gudun kilomita 25 a awa. Wanda ya wuce haka babur ne a idon doka.

Na uku, ka bi hanyar sau ɗaya ranar da ba ka da aiki, da sassafe, kafin jama'ar kasuwannin Camden Lock da Broadway Market su fito. Dalili shi ne hanyar tana yankewa. A Islington ruwan yana shiga rami mai tsawon mita 878, kuma babu hanyar ƙafa a ciki. Dole ka hau sama, ka bi ta unguwar Angel cikin motoci, ka sake sauka a ɗaya ɓangaren. Akwai wani ramin a Maida Hill. Gara ka san mafita da mashiga tun kafin safiyar Litinin.

Na huɗu, hannu. A Ingila hagu ake bi, mu kuwa a Najeriya tun 1972 dama muke bi, a Nijar ma dama ake bi. Kai zai haddace wannan a rana ɗaya, amma hannu bai haddacewa da wuri: lokacin da wani keke ya ɓullo maka ba zato, jikinka dama zai karkata, shi kuma nan ya nufa. Ka riƙa tuna wa kanka hagu duk lokacin da ka hango mai zuwa, har ya zama jiki.

Wuce mai tafiya a ƙasa yana da tsari. Rage gudu tukuna, sannan ka kaɗa ƙararrawa sau biyu tun kana nesa, yadda zai samu lokacin waiwayowa. Ƙararrawar da aka kaɗa a ƙeyar mutum tsorata shi take yi, wanda ya tsorata kuma ba a san inda zai yi tsalle ba, ga ruwa a gefe. Ƙararrawa sallama ce, ba umarni ba. In bai matsa ba, jira. Yana iya zama kurma, yana iya zama ya toshe kunne da waƙa, wanda shi ne ya fi yawa. In ya matsa, ka yi masa godiya da baki. Mai kare ka duba hannunsa kafin ka duba karen: akwai igiyar da ke miƙewa ta yi tsawo, siririya, mutum na gefen bango kare na bakin ruwa, igiyar ta gitta hanya ba ka gani. Yaro ƙarami kuwa, ka ɗauka zai juyo gabanka, domin zai juyo.

Na biyar, gadoji, kuma nan ne aikin yake. Kowace tsohuwar gada ta tubali tana matse hanyar. Hanyar takan lanƙwasa ta shiga ƙarƙashi, ba ka ganin mai fitowa, rufin kuma baka ne, yana sauka ƙasa ta gefen bango, har mai tsayi ya sunkuya. Wurin da ya rage na mutum ɗaya ne, kuma sau da yawa babu shinge tsakaninka da ruwa. In ka duba kusurwar wasu gadojin za ka ga ƙarfen da aka kafa ya yi zurfin tsagi, igiyar jan jirage ce ta ci shi shekara da shekaru. Abin yi: sauke gudu zuwa na mai tafiya a ƙasa tun kafin bakin gadar, kaɗa ƙararrawa, saurara ko za a amsa daga ciki, yatsu biyu a kan birki, sannan ka shiga. In wani ya riga ka shiga, tsaya a waje ka sa ƙafa a ƙasa. Kada ka wuce kowa a ƙarƙashin gada, ko da tsoho ne mai sanda kuma kana ganin akwai wuri. Masu keken da ke shiga gada da gudu suna kaɗa ƙararrawa ba tsayawa, su ne suka ja wa sauran baƙin jini a wannan hanya, kuma a ganina mazauna unguwannin suna da gaskiya da suke ƙorafi.

Wajen ƙofofin da ke ɗaga jirage da sauke su akwai gangara mai tubalin da aka jera da tudu-tudu don kofaton doki ya samu riƙo. Idan an yi ruwa santsi gare su. Sauka ka tura, ba abin kunya ba ne. Inda jiragen da mutane ke kwana a ciki suka jeru, lura da igiyoyi da zoben ƙarfen da ake ɗaure su, da mai fitowa daga jirgi riƙe da kofin shayi. Ƙofar gidansa ce kake wucewa. Kashin dinya da ganyen kaka da ya jiƙe su ma suna kayar da mutum.

Na shida, duhu. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya, a Disamba kuma rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma, wato dawowarka daga aiki cikin dare ne. Doka ta ce farar fitila a gaba, ja a baya, da jan abin ƙyalli a baya. Yawancin gefen ruwan babu fitilun titi. Karkata fitilarka ƙasa kaɗan, kuma kada ka sa ta a walƙiya, domin kashe wa mai zuwa ido a bakin ruwa haɗari ne gare ku duka. Mutane da yawa, musamman mata, sukan koma titi mai haske a watannin sanyi, kuma dabara ce mai kyau. Safiyar da aka tashi da ƙanƙara, bar gefen ruwa gaba ɗaya.

In tsautsayi ya sa ka faɗa, rabu da keken. Sanyin ruwan yana ɗauke numfashi a daƙiƙun farko. Kwanta rigingine ka buɗe hannuwa har numfashi ya dawo, sannan ka nemi bakin. In wani ne ya faɗa, kira lambar gaggawa ta 999, miƙa masa abin kamawa, kada ka bi shi. Bayan an fita a wanke jiki da duk wani rauni, kuma in zazzaɓi ya biyo baya cikin makonni, a gaya wa likita an shiga ruwan, saboda cutar da fitsarin ɓera ke yaɗawa.

Saura ajiya. Satar keke ta yi yawa a Landan. Sayi makullin ƙarfe mai siffar kofaton doki, ka haɗa jikin keken da tayar baya da ƙarfen da aka kafa a ƙasa, ka ƙara makulli na biyu, na waya, don tayar gaba. Cire fitilu ka sa a aljihu. Ɗauki hoton lambar da ke ƙarƙashin keken, wajen feda, ka yi rajistarta kyauta a shafin intanet na BikeRegister, inda 'yan sanda ke dubawa idan sun kama keken sata. Ka kuma tambayi wurin aikinka ko suna cikin shirin Cycle to Work, wanda ake cire kuɗin keke daga albashi kafin haraji.