Kurakuran Ɗora Nauyi Da Ke Cinye Gudu A Tseren Allon Ƙanƙara

Ƙanena da ke shirin tafiya karatu Turkiyya ya same ni a gida nan Sakkwato da bidiyon tseren allon ƙanƙara a wayarsa, wato allon da mutum ke tsayawa a kai da ƙafa biyu yana sulɓi daga gangaren dutse mai dusar ƙanƙara. "Yaya, mi ya sa wannan ya wuce su, alhali ba wanda ya tura shi?" Na zauna a Erzurum, garin da ya karɓi gasar hunturu ta ɗaliban jami'o'in duniya a 2011, kuma sai da na sha faɗuwa a gangaren dutsen Palandöken da ke kusa da garin kafin in gane cewa sirrin yana wurin da mutum ya ɗora nauyinsa.

Kuskuren da ya fi yawa tsoro ne ke kawo shi. Da gudu ya ƙaru sai jiki ya kwanta kan ƙafar baya, wutsiyar allo ta nutse tana kartar ƙanƙara, hancinsa ya ɗaga yana rawa. Wanda ya taɓa ganin ɗan kabu-kabu ya ɗaura buhu biyu a bayan babur ya san yadda kan yake ƙin biyayya. Na daɗe ina wannan kuskure, ina ɗora laifin kan kakin da na shafa wa allon. Raba nauyinka tsakanin ƙafafu biyu, ka ɗan karkata baya kaɗan, yadda hancin zai shafi ƙanƙara ba tare da ya tone ta ba. In ta yi laushi, ƙara karkatar kaɗan. Wanda ya zube gaba kuwa, huɗa zai yi ta yi.

Sai bakin ƙarfen da ke gefen allo. Na juyawa ne da birki, don haka a miƙaƙƙiyar hanya duk cizon da ya yi wa ƙanƙara ragin gudu ne. Yawanci duƙawa daga ƙugu ke jawo shi: mazaunai su fita baya, nauyi ya koma dunduniya. Lanƙwasa gwiwoyi da idon sawu, ƙugu ya tsaya daidai saman allo, cikin allon ya kwanta shimfiɗe. A gangare mai sauƙi za ka fara koyon wannan, domin allon da ke kwance in ya ɗan juya gefe, ƙarfen yakan kama ya fyaɗa ka da ƙasa.

Kada ka tsaya ƙiƙam hannu a buɗe. In gudu ya ninka biyu, turjiyar iska ninki huɗu take yi. Tsuguna, hannaye a baya.

Bidiyon ƙanena na tseren da ake tashi tare ne, mai tuddai jere, wanda ya shiga Olamfik a birnin Turin na Italiya a 2006. Da muka maimaita kallo ya gani da idonsa: sauran sun bari tudu ya cilla su sama, shi kuwa na gaban ya naɗe gwiwa yana hawa, ya danna allon da dukan nauyinsa yana sauka, a kowane tudu yana ƙara musu tazara.